Kaɗanyar ƙasar Dagwamba

Ta tsohuwar hanyar fataken goro muka shiga Gana, Faraku zuwa Jugu a ƙasar Benin, Kara a Togo, sai Yandi a ƙasar Dagwamba ta arewacin Gana. A wani shinge wani jami'i ya riƙe mini fasfo yana ta daka tsawa, sai da ya karɓi na shan ruwa ya wurgo mini shi ƙasa. Allah ya isa.

Daga Yandi har Tamale kowace gona cike take da kaɗanya, ga damina ta faɗi, 'ya'yan sun nuna. A ƙauyen abokina mahaifiyarsa ta tarbe ni da tuwo miyar ayoyo, ta hana ni taɓa aljihu. Da sassafe na bi ta tsintar kaɗe. Ta ba ni na wata bishiya, zaƙi kamar an zuba zuma, na wata kuma ɗan ƙarami mai bauri. Na ce, "Iya, wa ya shuka mai zaƙin?" Ta yi dariya, ta ce, "Ɗana, ana shuka kaɗanya ne? Ita ke fitowa. In an zo sharar gona a bar mai kyau, a sare marar amfani."

Ɗanta ya karanta ilimin gandun daji, shi ya ƙarasa mini bayani. Jemagu ke kwasar 'ya'yan su yar da ƙwallon can nesa, ƙudan zuma kuma na kai garin fure daga bishiya zuwa bishiya, shi ya sa iri ke cakuɗa. Amma wadda za ta rayu ta haifi na gaba, gatarin manomi ke zaɓa. Sai ta kai shekara 15 zuwa 20 kafin ta fara 'ya'ya, to ka ga zaɓin kaka jika ke ci. A Kirikongo ta Burkina Faso an tono ɓawon kaɗe da ke nuna ana sarrafa shi tun wajen shekara ta 100 Miladiyya. Ni da nake ɗaukarta bishiyar daji kawai, jikina ya yi sanyi. Ya ce ta Yuganda ma wani reshe ne daban, manta ruwa-ruwa ne, namu mai tauri.

Man kaɗe a kasuwar Tamale ya fi na Kano tsabta, kuma matan ba sa tsawwalawa, sai dai canjin sidi, kuɗin Gana, ya karya ni.

A dawowa ta jihar Neja na yi ta ganin buhunan gawayi jibge a bakin titi. Direba ya ce na kaɗanya masu saye suka fi nema, don ya fi daɗewa yana ci. Mai sarar kuwa babbar bishiya yake nema, ba ya tambayar wacce ce mai zaƙi.