Mai sayen domen na gaskiya ba ya fara karɓar kuɗinka

Ƙannena masu shigowa harkar intanet, duk wanda ya yi rajistar domen, wato sunan da ake bugawa a isa shafinsa, ya sa a ransa cewa wata rana zai buɗe imel ya tarar an taya sunan da kuɗin da ko a mafarki bai taɓa riƙewa ba. Sunan da ya biya dala 10 ko 15 ya yi wa rajista, sai ga wani wai shi dillali ne, yana da attajirin da ke son sa a kan dala 15,000. Mu da muka riga ku shiga wannan harka da aljihunmu muka biya kuɗin wannan karatu, ku kuwa ga shi kyauta. A ciniki na gaskiya kuɗi daga wajen mai saye suke tasowa su nufo mai kaya. Duk inda aka ce kai mai kaya ne za ka fara fitar da wani abu, kuɗi ne, ko kalmar sirri, ko lambar da ake ɗauke domen da ita, to ba ciniki ake yi da kai ba, farautarka ake yi.

Kada ka yi mamakin yadda suka same ka. Kowane domen yana da bayanan rajista da ake iya dubawa ta tsarin binciken mai domen da ake kira WHOIS, ko RDAP da ke maye gurbinsa yanzu. Kafin watan Mayun 2018, lokacin da dokar kare bayanai ta Tarayyar Turai, GDPR, ta fara aiki, galibi suna da imel da lambar wayar mai domen a fili suke ga kowa. Yanzu yawancin kamfanonin rajista suna rufe su, amma tsofaffin bayanan suna nan a hannun waɗanda suka kwashe, kuma akwai fom ko adireshin wucin gadi da ke isar da saƙo gare ka ko da an ɓoye naka. Ga kuma jerin sababbin domen da ake fitarwa kullum. Manhaja ce ke ɗaukar jerin, ta cusa sunan domen ɗinka a gurbin da aka bari cikin wasiƙa ɗaya, ta aika wa dubban mutane. Babu wanda ya zauna ya ga sunanka ya burge shi.

Damfarar da ta fi yawa ita ce ta takardar ƙiyasin farashi, kuma a kanta zan fi tsayawa, don ita ce ta fi kama masu wayo. Saƙon farko gajere ne, babu mahaɗi, babu neman komai, tambaya ce kawai ko za ka sayar. Da ka amsa, sun san adireshin yana aiki kuma akwai mai kwaɗayi a bayansa. Saƙo na biyu shi ke ɗauke da tayin: wai mai sayen ɗan kasuwa ne a wata ƙasa, ya ware dala 15,000 zuwa 20,000. Idan ka ce 25,000 kake so, ba za a ja da kai ba, za a ce an amince. A nan ya kamata jikinka ya ba ka. Mai saye na gaskiya ɓoye ƙarfinsa yake yi, ya fara da tayin da zai ba ka haushi, ka ce albarka, ya ƙara kaɗan, a yi ta ja kafin a sallama. Wanda bai damu da farashi ba, bai yi niyyar biya ba ne.

Saƙo na uku ne ƙugiyar. Za a ce banki ko akawun mai sayen ba zai saki kuɗi ba sai an ga takardar shaida daga masu ƙiyasta darajar domen, kuma al'ada ce mai kaya ya biya. Ka ce ga ƙiyasin shafuka irin su GoDaddy ko EstiBot, a ce ai waɗannan na'ura ce ke yin su, ana son na ƙwararren mutum. Sai a turo maka mahaɗin wani shafin tambaya da amsa inda wasu mutane, wai ba su san juna ba, suke yabon wani kamfanin ƙiyasi guda. Su suka rubuta tambayar, su suka rubuta amsoshin, kamfanin kuma nasu ne. Kuɗin takardar ba ya da yawa, a ce dala 80 ko 150, kuma da gangan aka yi haka. Ana so ka auna 150 da 20,000 ka ga ai ba komai ba ne. Ka biya, a turo maka PDF mai hatimi da ke cewa domen ɗinka ya kai dala 22,000, ranka ya yi fari. Daga nan ko mai sayen ya yi ɓatan dabo, ko a ce saura takardar tabbatar da cewa sunan bai ci karo da tambarin kasuwancin wani ba, ita ma da kuɗinta. Ban da abin da ka biya, lambobin katinka na banki suna hannunsu.

Gwajin wannan ba shi da wuya. Ka rubuta musu layi biyu: wanda ke son ƙiyasi shi zai biya, kuma idan da gaske ake, a shigar da tayin ta kasuwannin domen irin su Sedo ko Afternic, ko a buɗe cinikin a Escrow.com, kamfanin da ke riƙe amanar kuɗi tsakanin mai saye da mai kaya. Mai saye na gaskiya ba ya ƙin wannan, don shi ma kariya ce gare shi. Ɗan damfara kuwa zai kawo uzuri, ko ya yi barazanar cewa attajirin zai koma kan wani sunan nan da kwana biyu, ko ka ji shiru.

Tun da na ambaci masu riƙe amana, bari in faɗi yadda aikinsu yake, don a nan ne damfara ta biyu take laɓewa. Ku biyu za ku amince da farashi da sharuɗɗa a shafin kamfanin. Mai saye ya tura kuɗin ga kamfanin, ba gare ka ba. Kamfanin ya tabbatar kuɗin sun shiga, sannan ya ce ka miƙa domen. Mai saye ya tabbatar ya karɓa, sai a sakar maka kuɗinka. Idan kai ne ka ɗauki nauyin la'ada, daga cikin kuɗin cinikin ake cirewa, ba a ce ka turo tun farko ba. Matakin da ake ƙirƙira na bogi shi ne na uku. Za ka ga imel mai tambarin kamfanin, da launinsa, da lambar ciniki, yana cewa kuɗi sun shiga, ka miƙa. Kada imel ya zama hujjarka. Buɗe sabon shafi, ka buga adireshin kamfanin da hannunka, ka shiga asusunka, ka ga matsayin cinikin da idonka. Idan babu shi a can, babu shi ko'ina. Haka nan idan mai saye ya dage sai an bi ta wani kamfanin amana da shi kaɗai ya sani, ka ƙi. Kafa irin wannan shafin aikin yini ɗaya ne. Kai ne mai kaya, kai za ka zaɓi inda za a ajiye kuɗi.

Ka fahimci abin da kake miƙawa. Don a ɗauke domen daga kamfanin rajistarka zuwa wani, abu biyu ake bukata: ka cire makullin hana ƙaura, wanda a bayanan rajista ake ganinsa a rubuce clientTransferProhibited, sannan ka ba da lambar izini da ake kira EPP. Wanda ya riƙe lambar nan alhali makulli a buɗe yake, ya riƙe domen. Wasu za su ce ka turo ta don a tabbatar kai ne mai shi. Ƙarya ce. Mallaka ana tabbatar da ita ta hanyar sa wani ɗan rubutu a bayanan DNS, wato saitin da ke nuna inda domen yake kai mutane, irin layin da ake kira TXT, ko ka amsa daga adireshin da ke kan rajistar, ba tare da ka rasa komai ba. A domen irin su .com da .net da .org, ƙaura tsakanin kamfanoni biyu tana iya ɗaukar kwana 5, kuma a cikin kwanakin kana da damar sokewa. Amma turawa daga asusu zuwa asusu a cikin kamfani ɗaya mintoci kaɗan ne, babu jira. Shi ya sa suke son su buɗe asusu a kamfanin da kake. Bayan ya fita, dawo da shi jan aiki ne, domin a takarda kai ne ka buɗe, kai ne ka ba da lamba. Tsarin sasanta rikicin ƙaura na ICANN, hukumar da ke kula da sunayen domen a duniya, ma kamfanonin rajista ne ke shigar da ƙara a cikinsa, ba kai ba.

Akwai kuma masu biya da gaske, amma da kuɗin da za su koma. A PayPal mai saye yana da har kwana 180 ya buɗe ƙorafi, kuma idan da katin sata aka biya, mai katin zai sa bankinsa ya janye kuɗin bayan ka riga ka miƙa. Masu cek kuma su turo wanda ya haura farashi, su ce kuskure ne, ka mayar da rarar. Banki na iya nuna kuɗin a asusunka kafin cek ɗin ya tabbata, sai bayan makonni a gano na jabu ne, ka yi biyu babu.

Wasu ba ruwansu da ciniki, asusunka suke so. Mahaɗin duba tayi zai kai ka shafin da ya yi kama da na kamfanin rajistarka, ka zuba kalmar sirri da hannunka. Ko a liƙo fayil a ce yarjejeniya ce, ka buɗe, ya kwashe kalmomin sirri da bayanan shiga da burauzarka ta adana. Irin wannan satar tana iya tsallake tabbaci mai mataki biyu, wato ƙarin shaidar da ake nema bayan kalmar sirri, don haka kada ka buɗe fayil daga baƙo, musamman mai ƙarewa da .zip ko .exe ko .html. Duk da haka ka kunna tabbacin a asusun rajista da kuma imel ɗin da ke haɗe da shi, kuma manhajar lambobi ko makullin tsaro na USB ya fi saƙon tes. Wani kuskuren da ake yawan yi: a sa imel na kan domen ɗin a matsayin adireshin asusun rajistarsa. Ran da aka sace domen, an haɗa da akwatin da za a turo maka hanyar ƙwato shi.

Binciken saƙo ba ya cin minti biyar. Duba adireshin da amsarka za ta tafi, ko ya yi daidai da wanda ya aiko. Wanda ya ce shi wakilin babban kamfani ne amma yana rubutu daga Gmail, ka ajiye shi gefe. Karanta abin da ke bayan alamar @ harafi bayan harafi, domin r da n a manne suna kama da m, ƙaramin l yana kama da 1, kuma sunan da ya fara da xn-- yana ɗauke da haruffan wani rubutun da ke iya kama da na boko. Sannan ka kwafi sunan ka sa a lookup.icann.org ka ga ranar da aka yi masa rajista. Kamfanin da ke cewa ya shekara 15 yana dillanci, amma domen ɗinsa watansa biyu, ya gama ba ka amsa. Idan ka buɗe asalin saƙon ka ga SPF da DKIM, gwaje-gwajen tantance inda imel ya fito, sun wuce lafiya, kada ka saki jiki. Abin da suka nuna kawai shi ne saƙon daga wannan domen ya fito, ba su ce mai shi mutumin kirki ba ne.

Sanin darajar kayanka ma kariya ce. Gaskiya ne an sayar da Voice.com a kan dala miliyan 30 a 2019, amma kalma ɗaya ce gajera da duniya ta sani. Shiga NameBio, shafin da ke tara farashin domen da aka sayar, ka nemi sunaye masu kama da naka a tsawo da ƙarshe da ma'ana, ka ga nawa aka saye su. Sunan kalma uku mai karan ɗori a tsakiya, wanda aka yi wa rajista watan jiya, babu mai biyan dala 20,000 a kansa, sai dai in ana so a ji daɗin yaudararka.

A gefe guda, ka yi hattara da saurin yanka farashi idan sunan ya yi kama da na wani kamfani. Wani lokaci mai tambayar lauya ne. A ƙarƙashin UDRP, tsarin warware rikicin sunayen domen da ICANN ta kafa a 1999, yin rajistar suna da nufin sayar wa mai tambarin a kan abin da ya wuce kuɗin da ka kashe yana cikin alamun mugun nufi, kuma imel ɗinka zai iya zama hujja a gaban WIPO, hukumar kare haƙƙin fasaha ta duniya da ke sauraron irin wannan ƙara. Bari mai tambaya ya fara tayawa, ka kuma san ko wane ne shi. Masu cewa wani na shirin yin rajistar sunanka a .cn ko .asia, ka yi sauri ka riga shi ta hannunsu, su ma 'yan damfara ne, ka goge kawai.

Idan an riga an ci ka, bi da bi za ka yi, kuma da sauri. Ka biya da kati? Kira bankinka a rufe katin, ka shigar da ƙorafin a mayar da kuɗin. Ka zuba kalmar sirri a shafin bogi? Fara canja ta imel kafin ta asusun rajista, daga wata na'urar da ka yarda da ita, ka fitar da duk na'urorin da ke ciki, ka duba ko an sa dokar tura saƙonninka zuwa wani adireshi a ɓoye. Sannan ka duba ko an taɓa sabobin DNS ko imel ɗin mai domen. Ka ba da lambar EPP? Mayar da makulli nan take, ka nemi a sauya lambar, ka tuntuɓi kamfanin rajistarka ta waya ko hira kai tsaye a soke ƙaurar kafin kwana 5 su cika. Ajiye saƙonnin duka da asalin bayanansu, da rasiɗan rajista da na sabuntawa, don su ne shaidar cewa domen naka ne. Kowane kamfanin rajista da ICANN ta amince da shi yana da adireshin kai ƙarar cin zarafi, yana nan a bayanan domen ɗin da aka yi maka damfara da shi, ka tura musu. Bayan kwanaki kaɗan mai yiwuwa wani ya rubuto maka yana cewa shi ƙwararre ne wajen ƙwato abin da aka sace, amma sai ka ba da kafin alƙalami. Sunanka ya samu a jerin waɗanda suka taɓa biya, kada ka amsa masa.