Agogon da aka rataya mini a wuya a Greensboro

Ni ɗan Maradi ne, ruwan da na sani kuwa shi ne gulbi: ya zo da damina a haukace, ya janye da kaka ya bar mana rairayi. Karatun da iyayenmu suka ba mu a kansa bai wuce guda ba, a guje shi. Kowace shekara sai an ji ya ci ɗan wani. Iyo na masunta ne, mu gidanmu kasuwa muka gada. Da wani ya ce mini zan shafe shekaru ina tashi ƙarfe huɗu na asuba don in kai ɗana ya faɗa ruwa, da na ce a nema masa magani.

A 2012 muka sauka Greensboro, jihar Karolina ta Arewa, da bizar nan ta ƙuri'a. Ba don komai muka zaɓi garin ba sai don 'yan Nijar sun yi yawa a cikinsa, Zabarmawa da Hausawa, ba ka rasa mai tarbonka ya nuna maka inda ake sayar da naman halal. Shekara uku na yi ban san Amurka ba. Daga gida sai sito inda nake ɗaukar kaya, sai masallaci, sai gidan suna ranar Asabar. Jikina ne kawai ya yi ƙaura.

Bazarar 2015 ɗan farina, yana da shekara takwas, ya bi yara zuwa tafkin wanka na rukunin gidajenmu, ya zame ɓangaren mai zurfi. Wata maƙwabciya ce ta tsamo shi. Uwargida ta rantse ba zai ƙara kusantar ruwa ba, ni ma na goya mata baya. Washegari wata dattijuwa baƙar Ba'amurkiya da ke ƙasanmu ta tare ni a matakala, ta ce hanin nan da muke shirin yi shi ne zai kashe yaron. Ita kanta ba ta iya iyo ba, domin a ƙuruciyarta ba a barin baƙar fata shiga tafkunan gari, kuma garuruwan kudu da dama sun gwammace su rufe su da a ce an gauraya. Daga baya na ga wani bincike na 2017 da gidauniyar USA Swimming ta ɗauki nauyi, ya ce kashi 64 cikin ɗari na yaran baƙaƙen Amurka ba su iya iyo ba ko kuma kaɗan suka iya. Tsoron da na taho da shi daga bakin gulbi, ashe na iske ɗan'uwansa a nan, sai dai asalinsu ya bambanta.

Muka sa shi koyo don ya tsira da ransa kawai. Sai ga shi a 2016 muna kallon wasannin Olamfik na Riyo, don ganin Alfaga namu da ya ciyo wa Nijar azurfa a taekwondo, yaron nan shi kuwa hankalinsa na kan Simone Manuel, baƙar Ba'amurkiya ta farko da ta ci zinare a gasar ninƙaya ta ɗaiɗaiku. Ya juyo ya ce, «Baba, ina so in shiga kulob.» Na ce to, a zatona kwana biyu zai yi ya gaji.

Ranar gasarsa ta farko wata mata ta zo da takarda ta ce iyaye ne ke riƙe agogo, kuma kowane gida da rabonsa na aiki. Kafin in ce Turancina bai nuna ba ta rataya mini agogon a wuya, ta tsayar da ni bayan layi na shida tare da wani farin mutum mai gyaran haƙori. Shi ya koya mini aikin. Ba ƙarar tashi ake saurare ba, fitilar da ke walƙawa ake kallo, don haske ya riga sauti isowa. In yaro ya doso bango sai ka leƙa, ruwa na fantsamo maka a wando, ka danna daidai lokacin da hannunsa ya taɓa. Akwai allon lantarki a jikin bangon da ke ɗaukar lokaci da kansa, namu na ko-ta-kwana ne, amma ana rubuta shi kamar shari'a. Awa huɗu muna tsaye. Kafin a tashi na san sunan matarsa, ya san inda Nijar take, ya kuma daina ce mata Nijeriya. Shi ne Bature na farko da na yi doguwar hira da shi ba a kan aiki ba.

A ranar ne kuma aka soke ɗana. Iyon kwaɗo ya yi, ya zo na biyu a zubinsu, sai na ga alƙaliya mai farar riga ta ɗaga hannu. Wai da hannu ɗaya ya taɓa bango, doka kuwa ta ce a iyon kwaɗo da na malam-buɗe-littafi sai da hannu biyu a tare. Raina ya ɓaci, na ɗauka launin fata ne. Abokin aikina ya nuna mini takarda, yara da yawa aka soke a safiyar, galibinsu farare.

Mu da muka tashi da kokowar takobi, mun saba a ga wanda ya kayar da wanda ya sha ƙasa. Nan abokin karawarka agogo ne. Yaro zai zo na ƙarshe yana murna don ya rage rabin daƙiƙa, wani ya zo na ɗaya yana kuka. Daga Satumba zuwa Maris a tafki mai yadi 25 ake yi, yadin nan dai da ake auna shadda, da bazara kuma a koma mai mita 50 irin na Olamfik. Lokuta suna da matakai, daga B har A huɗu, gasanni ma haka, daga ta jiha, sai ta shiyya, har a kai gasar matasa ta ƙasa. Ta hunturu a Disamba ake yi, an raba ta gabas da yamma, kuma ta gabas an sha kawo ta babban wurin ninƙaya na garinmu. Ba a shiga da alfarma, ko ka yi lokacin ko ba ka yi ba. A nan ne ake ganin masu horarwa na jami'o'i sun jeru da rigunan makarantunsu, suna rubuce-rubuce kamar dillalan shanu ranar kasuwa.

Abu ɗaya ya kwantar mini da hankali tun farko: dokar wandon gasa na maza ta ce kada ya haura cibiya, kada ya gangara ƙasa da gwiwa. Da na nuna wa limaminmu irin dogon, dariya ya yi ya ce ko su ma sun karanta Risala ne. Tsadarsa ce ba ta da daɗin ji, na manyan gasa yakan haura dala 400, kuma bayan 'yan shiga kaɗan ya saki.

To, a ina muka samo ƙarfin biyan kuɗin kulob da na otal da na mai? A majalisarmu ta bayan Juma'a kowa ya yi imani cewa yaro in ya iya wasa a Amurka, jami'a kyauta ce. Ni ma da wannan lissafin na riƙa ƙarin awoyi a sito. Sai da yaron ya kai aji goma na zauna na karanta ƙa'idar NCAA, hukumar wasannin jami'o'i da ta kasa su rukuni uku, jikina ya yi sanyi. A rukuni na ɗaya, abin da aka yarda ƙungiyar maza ta bayar a lokacin gurbin tallafin karatu 9.9 ne, na mata 14, a yanyanka shi tsakanin mutum ashirin da wani abu ko talatin. Wani ya sami rubu'i, wani kuɗin littattafai kawai. Rukuni na uku ba ya ba da ko sisi don wasa, manyan jami'o'in Ivy ma haka. Ga kuma 'yan ƙasashen waje da suka riga suka wakilci ƙasashensu, su ma wannan gurbin suke nema.

Ranar 15 ga Yuni bayan aji goma ita ce ranar da aka halatta wa masu horarwa na rukuni na ɗaya su fara kiran yara. A 2023 tamu ta zo. Ya ajiye waya a kan teburi tun safe yana zagaya ta. Abokansa biyu tasu ta yi ta ruri. Tasa saƙo biyu ne suka shigo, ɗaya ma na wani kamfani ne mai cewa in mun biya zai tallata shi. Ba mu biya ba. Lokutan kowa suna nan a fili a shafin Swimcloud, yaron da kansa ya zauna yana gwada nasa da na 'yan kowace jami'a, yana aika wasiƙa.

Maris na 2024 azumi ya faɗo cikin manyan gasanni. Ya tambayi malam, aka ce in tafiyar ta kai ta ƙasaru yana iya sha ya rama. Wadda aka yi a gida kuwa da azuminsa ya shiga, wasan ƙarshe dab da magariba, uwarsa na zaune a sama da dabino da kunu a jaka. Ya rasa lokacin gasar ƙasa da abin da bai kai rabin daƙiƙa ba. A mota bai ce uffan ba, ni ma ban ce ba. Har yau ban san ko azumin ne ba, shi kuma bai taɓa ɗora masa ba.

Duk da haka wata jami'a ta rukuni na ɗaya ta yi masa alkawarin wuri, ba kuɗi. Sai wata shari'a da aka yi kan biyan 'yan wasan jami'a kuɗi ta zo da sabon tsari, aka ɗage iyakar tallafi amma aka ƙayyade ƙungiyar ninƙaya kada ta wuce mutum 30 a makarantun da suka shiga yarjejeniyar. Da kakar 2024 mai horarwar ya kira, cikin ladabi, ya ce babu wuri. Yara da yawa 'yan ajinsu haka ta same su.

Wata ƙaramar kwaleji ta rukuni na uku ce ta ɗauke shi. Makinsa na karatu da takardar da ke nuna samun gidanmu su suka rage kuɗin, har ya dawo abin da za mu iya. Uwarsa, wadda ta hana shi zuwa horo duk ranar da bai gama aikin makaranta ba, ba ta bari na manta da wannan ba ko sau ɗaya.

A Agustan 2025 muka kai shi. Da na kira Inna a Maradi na shaida mata, ta yi shiru, sannan ta ce, «Wai har yanzu bai fito daga ruwan nan ba?» Na ce bai fito ba, Inna, ga ƙanwarsa ma ta shiga. Asabar mai zuwa ina layi na huɗu, an haɗa ni da wani sabon zuwa ɗan Sudan da bai taɓa riƙe agogon ba.