Ranar da aka sace WhatsApp ɗin Goggo

Talata. Ban gama shan koko ba ƙanwata ta kira daga Zariya, wai Goggo ta turo mata saƙo tana neman rancen naira 30,000 na kuɗin asibiti. Goggon da ba ta taɓa rubuta ko kalma ɗaya a waya ba, kullum sai dai saƙon murya. Gabana ya faɗi. Na tari adaidaita sahu na nufi gidanta.

Na same ta a kan tabarma, waya a cinya, duk ta rikice. Ashe jiya bayan isha'i wani ya kira ta da sallama mai kyau, har da tambayar jikoki. Ya ce daga makarantar Islamiyyarsu yake, za a fara karatu ta intanet, za a turo mata lambobi shida, ta karanto masa ya saka sunanta. Ta karanto.

Na ce, "Goggo, lambobin nan mabuɗin ɗakinki ne. Duk mai son buɗe WhatsApp da lambarki a wata waya, sai an turo su ta layinki. Shi ba ya riƙe da layin, shi ya sa ya biyo ta bakinki."

Ta ce, "Ni na ɗauka kutse sai masu ilimin kwamfuta, ɗan nan."

Mutane da yawa haka suke zato. Amma kutsen da na fi gani a unguwarmu da daɗin baki ake yin sa. Masana na kiran wannan dabara fishin, wato kamun kifi: a maƙala abinci a ƙugiya a jefa, a jira. Wani lokaci abincin kiran waya ne, wani lokaci mahaɗin intanet ne mai alkawarin tallafi ko kyautar data, kana latsawa ya kai ka shafin bogi da zai nemi kalmar sirrinka. Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne da sunan karatun addini aka yaudare ta.

Sa'armu ɗaya, layin na hannunta. Muka nemi sababbin lambobi, muka shigar, nan take aka fitar da ɓarawon. Da ya riga ya sa tabbaci mai mataki biyu, da sai mun jira kwana 7. Sai na kunna mata shi da kaina. Lambar sirri ce ta daban, ita ma guda shida, wadda ba a turo ta ta saƙo, a kanta kawai take. Ko gobe wani ya sake karɓe na farkon, zai tarar da ƙofa ta biyu a kulle. Ta so mu sa ranar haihuwar autanta, na ce a'a, rabin dangi sun san ta. Muka zaɓi wata, ta maimaita har ta zauna mata.

Tunda an zauna, na haɗa da na banki: lambobi 4 na katin ATM, BVN ɗinta mai lambobi 11, da lambar amfani sau ɗaya da ake turowa lokacin tura kuɗi. Na ce duk wanda ya kira ya nemi ɗaya daga ciki, ta kashe wayar ta kira ni, ko da ya ce daga banki yake.

Sai da la'asar muka gano maƙwabciyarta mai sayar da awara ta riga ta tura naira 10,000. Goggo ta yi kuka, ta ce da wane ido za ta kalle ta. Na raka ta har gidan. Matar ta ce Allah Ya isa tsakaninta da ɓarawon, amma Goggo ta rantse sai ta biya.

Yanzu ƙarfe goma saura. Na kira mutum 14 daga cikin waɗanda aka tura wa saƙon, saura na ƙauye da layinsu bai shiga ba. Da safe zan sake gwadawa, sannan in duba wayar Baba.