Yumɓun da ya tare mu a gaba bakwai

Gonaki biyu na gada a wajen Argungu: ɗaya a fadama, ɗaya a jigawa. Tafiyar minti ashirin ce tsakaninsu, amma kamar ba gari ɗaya ba. Ta fadama laka ce baƙa, da damina ta riƙe ruwa ta ba ka shinkafa, da rani ta dare har ƙafar akuya ta faɗa ciki. Ta jigawa kuwa rairayi ne, ko an kwana ana ruwa kafin hantsi ta shanye, sai gero da wake.

Rigimata ce ta sa na ce sai na yi lambu a jigawar. Na ɗauko wani dattijo mai haƙar rijiya. Muka wuce rairayi, muka sha wuyar marmara, jan dutsen nan da ke rufe kan tuddan Dukku kusa da Birnin Kebbi, wanda ya hana ruwan sama cinye su. A gaba bakwai sai ga farin yumɓu mai danƙo, diga na shiga tana maƙalewa. Kwana huɗu babu ko laima. Na ce a bari, kuɗina sun ƙare.

Tsohon ya ɗago kai ya ce, "Haba ɗana, yumɓu murfi ne, ruwa na ƙarƙashinai."

Haka kuwa aka yi. Da muka huda shi muka taɓa wani rairayin, ruwa ya taso da kansa har gwiwarsa. Daga baya wani ƙanena da ya karanci ilimin ƙasa ya ce min yankinmu duka hawa-hawa yake, rairayi da yumɓu, kuma yumɓun ne ke danne ruwan, shi ya sa wasu burtsatse a kwarin Rima ke tumbatsa ba famfo. Ya ce can ƙasa akwai farin dutse, ɗan uwan alli, wanda ake haƙa a Kalambaina ta Sakkwato a yi siminti, wai ɓawon halittun teku ne na shekaru kusan miliyan 60. Teku a ƙasar Kabi! Sai da ya nuna min wani ƙwanso a jikin dutsen na yarda.

Inda na yi wauta, tarin yumɓun da muka fitar na baza a kan fangalin albasa, wai taki. Ya daskare kamar daɓe, iri bai fito ba. Ragowar yumɓun kuwa, matan da ke ginin tukwane suka kwashe a kwanduna, har ɗaya ta aiko min da randa.