Shekara goma aka ce mini, ashe uku ce

Ranar da aka yi mini kolonoskofi, wato leƙa cikin babban hanji da kyamara, aka cire tsiro biyu a babban hanjina, wadda ta sallame ni cewa ta yi komai lafiya, sai nan da shekara goma. A lokacin ko sakamakon ɗakin gwaje-gwaje bai fito ba, kuma da ya fito babu wanda ya kira ni. Har yau abin yana ci mini rai.

Wani likita ne daban, da na je wurinsa kan wata matsala, ya nemi takardar sakamakon. Ya ɗora yatsa a kan layi ɗaya, inda aka rubuta milimita 12, ya ɗago kai ya ce, "Malam, wa ya ce maka shekara goma?"

Ashe cire tsiron rabin aiki ne. Da abin da aka ciro ake hasashen ko wani mai haɗari zai sake fitowa: girmansa, yawansa, da kamanninsa a ƙarƙashin madubin gwaji. A ƙa'idar da ƙwararrun Amurka suka fitar a 2020, mai adinoma (irin tsiron da kan iya rikiɗewa ya zama kansa) ɗaya ko biyu 'yan ƙasa da milimita 10 zai iya jiran shekara 7 zuwa 10. Amma da zarar ɗaya ya kai milimita 10, ko ƙwayoyinsa sun rikiɗe sosai, shekara 3 ce. Idan yawansu ya haura goma, shekara guda. Ta Turai ta ɗan fi sassauci kan ƙananan, amma kan irin nawa bakinsu ɗaya. Milimita biyu kacal suka tsallakar da ni zuwa wancan rukunin, ga shi a rubuce, ba a dai karanta ba.

Akwai kuma batun tsabtar hanji. Idan maganin wankin cikin bai yi aiki sosai ba, likita na iya wuce tsiro bai gani ba, sai lissafin duk ya rushe, a maimaita cikin shekara guda. Nawa dai an rubuta ya wanku.

Yanzu duk wanda ya ce mini an leƙa hanjinsa, tambayata ita ce ko ya ga takardar gwajin da idonsa. Kada ka karɓi ranar komawa kafin ta fito. Ka riƙe kwafi, ka tambayi girman kowane tsiro, da ko an cire shi gaba ɗaya ne ko gutsi-gutsi, don babba da aka cire gutsi-gutsi ana sake duba wurinsa bayan kamar wata shida.

Na koma a shekara ta uku, aka sami wani sabo ƙarami, aka cire shi nan take.