Tarihin Rayuwata, Kashi na 9: Tsagar Bango

Makon jiya na tsaya a daren da Yaya ya ƙwace wayata. Wasu sun ce ban yi masa adalci ba. To, ban janye ba. Abin da ya gani ya gani, amma ba sai ya tara mutanen gida yana karanta musu sunayen bidiyon batsan da ke ciki ɗaya bayan ɗaya ba, har da Inna a zaune. Kawu ne kaɗai bai zage ni ba. Kallona ya yi ya ce, "Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga." Na ɗauka habaici yake wa Inna kan tarbiyya, na kwana ina jin haushinsa.

Ni dai na san ba yawan sha'awa ne ya fara kai ni kallon batsa ba. Watan da Baba ya rasu ne. Barci ya ƙaurace mini, in na kwanta ƙirjina kamar an ɗora dutse. In na lulluɓa da bargo na rage hasken wayar, kafin minti ashirin nauyin ya sauka. Da na gama kuma sai in ji kamar ƙasa ta tsage in shige. In goge komai, in tuba, in yi rantsuwa. Kwana uku, huɗu, wani ya ɓata mini rai, rantsuwa ta karye. Ban taɓa komawa a ranar farin ciki ba.

Kuma mun taso ana gaya mana mai yin istimna'i, wato biya wa kai sha'awa da hannu, zai makance, ko ya rasa mazakutarsa, ba zai haihu ba. Na yarda ɗari bisa ɗari. Tunda a ganina na riga na lalace, me ya rage da zan tsare? Yau 'ya'yana uku, ko tabarau ba na sawa.

Sai bayan aure, da abin ya fara cin aikina, na je wurin likitan ƙwaƙwalwa. Na shirya amsar "sau nawa", shi kuwa ya ce, "Malam, me ke faruwa kafin ka ɗauki wayar?" Nan na tuna Kawu. Likitan ne ya bayyana mini cewa a 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da sabon kundin cututtukanta, wanda ya fara aiki a 2022, kuma a ciki akwai larurar kasa danne sha'awa: mutum ya yi wata shida ko fiye yana fama, abin yana ɓata masa aiki da zaman iyali. Amma kundin ya ce jin laifi kaɗai, don abin ya saɓa wa aƙidar mutum, bai isa a ce larurar ce ba. Ya ambaci wani mai bincike a Amurka, Joshua Grubbs, da ya nuna cewa da yawa masu cewa sun kamu, karon aƙidarsu da abin da suke aikatawa ne ke cin su fiye da yawan kallon. Ni duka biyun na haɗa. Har yau ina ganin abin laifi ne, amma tsanar da na yi wa kaina ita ta riƙa faɗaɗa tsagar.

Watan jiya Yaya ya zo, yana dariya ya ce, "Ai ni na shirya ka." Shekara goma sha ɗaya na ƙara a ciki bayan wancan daren. Ban tanka masa ba. Kawu kuwa ya rasu ban tambaye shi wane bango yake nufi ba.

Mako mai zuwa, ranar da maiɗakina ta gane.