Kafin ku je ƙauyen Eyam

Ƙannena da ke karatu a Ingila, musamman na Sheffield da Manchester, kada ku yi irin tawa. Shekarar farko ta ƙare mini tsakanin ɗaki, aji da shagon da muke sayen garin tuwo, ina ganin na san ƙasar. Sai da na fita ƙauye na gane ban san komai ba. In za ku fita, ku fara da Eyam, a gundumar Derbyshire, cikin tsaunukan Peak District. Mutanensa kusan dubu ɗaya ne, amma ku karanta tarihinsa kafin ku taka ƙafa.

Ni ban karanta ba. Na tsaya gaban wasu gidajen dutse masu furanni a bakin ƙofa, ina dariya, abokina na ɗaukata hoto. Bayan nan na duba allon da ke gaban gidan, sai na ga sunayen mamata ne. A nan George Viccars, yaron wani tela, ya rasu a watan Satumba na 1665, bayan ya buɗe ƙunshin yadi da aka aiko daga Landan, inda annoba ke cin mutane a lokacin. Kuma har yau akwai iyalai zaune a gidajen. Kunyar ranar ba ta sake ni ba.

Ga abin da ya kamata in sani tun daga gida. A 1666, da cutar ta tsananta, limamin cocin garin, William Mompesson, tare da Thomas Stanley wanda ya riƙe kujerar kafin shi, suka roƙi jama'a kada kowa ya bar garin, don kada a kai wa maƙwabta mutuwa. Mutane suka yarda, alhali sun san abin da yardar ke nufi. Daga waje ake kawo abinci a ajiye a bakin iyaka. Akwai wani dutse a kan hanyar zuwa ƙauyen Stoney Middleton da ke maƙwabtaka da su, mai ramuka da aka sassaƙa, a nan suke zuba ruwan khal su saka kuɗin abincin a ciki, don mai ɗauka kada ya kwashi cuta. Aka rufe coci, ibada ta koma fili a wani kwari mai suna Cucklett Delf. Kowane gida shi ke binne mamacinsa. Wata mata mai suna Elizabeth Hancock, cikin kwana takwas na watan Agusta, ta binne mijinta da 'ya'yanta shida da hannunta. Kaburburan suna nan a tsakiyar wata gona, an kewaye su da katangar dutse. Kimanin mutum 260 ne suka mutu, har da Catherine, matar Mompesson.

Duk wanda ya san hadisin annoba, cewa in ta faɗa wa ƙasar da kake ciki kada ka fita, zai ji wannan labari a jikinsa. Ni dai da na tsaya a kan waɗancan kaburbura, addu'a ce kawai ta zo mini ga duk uwar da ta taɓa rasa ɗa.

Sauran kurakuraina na rashin shiri ne. Na je cikin hunturu da takalmin birni, hanyar zuwa kaburburan kuwa laka ce. Gidan tarihin garin ba ya buɗewa a tsakiyar sanyi, na tarar da shi a kulle. A Disamba rana na faɗuwa kafin ƙarfe huɗu, motocin haya kuma ba su da yawa, don haka ku duba lokacin ta ƙarshe kafin ku sauka daga ta farko. Hanyoyin ƙafa suna ratsa gonakin mutane, kuma doka ta ba ku damar bi, amma ƙofar da kuka tarar a rufe ku mayar da ita a rufe. Ni na bar wata a buɗe, wani manomi ya yi mini magana cikin ladabi yana nuna mini tumakinsa.

Ku tafi da guzuri da sallaya, domin babu masallaci, kuma abincin halal sai an dace. In da hali ku daidaita tafiyar da Lahadin ƙarshe ta watan Agusta, ranar da mutanen garin ke taruwa a Cucklett Delf don tunawa da mamatansu. Ku gaida duk wanda kuka haɗu da shi a hanya, a can ana amsa gaisuwa.